Sunan Namiji ga Jaririya: A Bar Lakabi a Gida, a Ba Ta Nata a Takarda



Mu 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare mun kwashe kusan mako uku muna gardama a kan suna ɗaya tak. Mun yi ta lokacin tara, mun yi ta a hanyar komawa gida, har wata rana monita ya rubuta mutum shida cikin masu surutu saboda ita. Da malamar kulob ɗinmu na 'yan jarida ta ji labari, sai ta ce maimakon mu riƙa cika wa mutane kunne, mu zauna mu rubuta ra'ayinmu a liƙa a bango kowa ya karanta. To, ga shi mun rubuta.

Ga yadda abin ya faro. Mahaifiyar wata 'yar ajinmu ta haifi mace. Mun nemi izinin ƙawar tamu kafin mu ba da wannan labari, ita ma ta nemi izinin mahaifiyarta, da sharaɗin ba za mu ambaci gidansu ko unguwarsu ba. Wata huɗu kafin haihuwar, ƙanin mahaifinta ya rasu a haɗarin babur. Sunansa na yanka Nuruddin, amma kowa Nura yake kiransa. Shi ne yake kawo ƙawarmu makaranta kowace safiya, da yawa daga cikinmu mun san shi, har wasunmu ya sha rage musu hanya. Tun ana zaman makoki mahaifinta ya yi alkawari cewa abin da za a haifa zai ci sunan ƙaninsa. Kowa ya ɗauka namiji ne zai zo. Da Allah ya kawo mace, sai ya ce alkawari ya riga ya ɗauka, sunanta Nura.

Mai jego ba ta so ba. Kakar yarinyar, wadda ita ce ta haifi marigayin, ita ma ta ce a sake shawara. Amma maigida ya ce a Saudiyya mata ne suke amsa wannan suna, kuma ma'anarsa haske, to mene ne aibinsa? Ranar suna aka taru da sassafe, aka raba goro da dabino, aka yanka rago, maroƙi ya ɗaga murya ya faɗi sunan. Ƙawarmu ta ce mata biyu a cikin gida sai da suka tambaya, "Af, ashe namiji aka haifa?"

Kafin mu faɗi ra'ayinmu, bari mu ba mahaifin haƙƙinsa. Mun tambayi malaminmu na Larabci, ya ce gaskiya ne, a ƙasashen Larabawa Nura sunan mata ne. Ya ce a birnin Riyad akwai babbar jami'ar mata da aka sa wa sunan Gimbiya Nura 'yar Abdurrahman, 'yar uwar Sarki Abdul'aziz wanda ya kafa Saudiyya ta yanzu. Ma'anar sunan kuma kyakkyawa ce. Sannan mutumin nan ba don wasa ko don yayi ya zaɓi sunan ba. Ƙaninsa ya rasa, yana so ya ci gaba da jin sunan a cikin gidansa. Duk wanda ya taɓa rasa nasa zai gane wannan. Mun kuma san a al'adarmu uba ne yake zaɓar suna, kuma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Duk da haka, mafi yawanmu mun tsaya a kan ra'ayi ɗaya: kada a mayar da lakabin da aka san maza da shi ya zama sunan yankan 'ya mace. A kira ta da shi a gida in ana so, amma a takarda a ba ta cikakken suna nata na kanta. Ga dalilanmu.

Dalili na farko, iyaye ne suke zaɓar suna a rana ɗaya, amma yarinyar ce za ta ɗauke shi har tsufanta. Kuma ba a Riyad za ta tashi ba, a nan za ta tashi, inda duk Nuran da muka sani namiji ne: Nura mai shago, Nura direba, Nura na aji uku. Harshenmu ma ba ya barin a ɓoye wannan. A Hausa ba ka iya yi wa mutum magana ba tare da ka nuna namiji ne ko mace ba. Ko dai ka ce "ka zo" ko ka ce "ki zo". Ko dai "ya ci jarrabawa" ko "ta ci jarrabawa". Ku ɗauka sabon malami ya shigo aji da rajista a hannu, ya kira sunan, ya ɗaga kai yana duba layin maza ya ce, "Ina yake?" Sai yarinya ta miƙe daga layin mata. Mun san abin da zai biyo baya, domin mu ne 'yan ajin. Dariya za a yi. Kuma ba rana ɗaya ba ce. Duk sabon zango, duk sabon malami, duk asibitin da ta je aka kira kati, sai ta sake yin bayani.

Ba ƙirƙirar wannan muka yi ba. Muna da wata ɗaliba da take amsa sunan da maza da mata suke tarayya a kansa. Lokacin wasannin motsa jiki na bara, sunanta ya fito a jerin maza masu gudun mita 400. Sai da ta bi malamai biyu kafin a gyara, kuma har yau akwai masu kiranta "ɗan tsere". Tana dariya idan an faɗa, amma ta gaya mana a ranar ba ta iya cin abinci ba.

Ga kuma maganar takardu. Sunan da aka rubuta a takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa shi ne zai bi mutum zuwa takardar firamare, zuwa jarrabawar aji uku da muke jira baɗi, zuwa lambar NIN, zuwa WAEC da NECO da JAMB. Tun 2021 ma ba a yin rajistar JAMB sai da lambar NIN, saboda haka dole sunayen su dace da juna. Wanda yake son ya sauya suna bayan ya girma sai ya je kotu ya yi takardar rantsuwa, ya biya a buga a jarida, sannan ya bi ofis-ofis ana gyarawa. Yayar ɗaya daga cikinmu harafi ɗaya kawai aka kuskure a sunanta, amma ta yi wata biyu tana zirga-zirga, kuɗin mota kaɗai ya isa a sayi littattafan zango guda. In harafi ɗaya ya jawo haka, ina ga suna sukutum? Rigakafi ya fi magani.

Dalili na biyu, kakanninmu sun riga sun warware wannan matsala tun kafin a haife mu. Malaminmu na Hausa ya ba mu aikin gida, ya ce kowa ya je ya tambayi tsofaffin gidansu yadda ake sa suna. Abin da muka dawo da shi kusan iri ɗaya ne: Bahaushe suna biyu gare shi. Akwai sunan yanka, wanda ake yi wa jariri huɗuba da shi a kunne, a bayyana shi ranar suna. Akwai kuma lakabi, wanda yake zuwa daga ranar haihuwa, ko yanayin haihuwar, ko kunya. Wadda aka haifa ranar Lahadi Ladi ce, ta Talata Talatu, ta Juma'a Jummai, ta Asabar Asabe. Macen da ta biyo bayan maza ana ce mata Kande ko Delu, namijin da ya biyo bayan mata kuma Tanko. Idan yaro ya ci sunan kakansa, mahaifiyarsa ba za ta iya kama sunan surukinta ba, sai a sakaya a ce Abba. Yarinyar da ta ci sunan kakarta kuwa a ce Ummi ko Hajiya.

A cikin lakabobin nan akwai waɗanda maza da mata suke tarayya a kansu, kuma ba wanda ya taɓa ganin laifi. Auta ana faɗa wa namiji, ana faɗa wa mace. Gambo, wato wanda ya biyo bayan tagwaye, shi ma haka. Akwai kuma Abu. Ana ce wa Abubakar Abu, ana ce wa Zainabu Abu. A baki kunne yana rarrabe su saboda karin sauti, amma a rubuce haruffa uku ne iri ɗaya. Wani yaro a ajinmu ya kama wannan ya ce, "To kun gani, ai dama ana yi!" Muka ce masa ya ƙara dubawa. Abu mace tana da Zainab a bayanta. Ranar ɗaurin aurenta Zainab za a ambata, ranar da za ta cika fom Zainab za ta rubuta. Lakabin ba shi kaɗai ne abin da ta mallaka ba.

Ku dubi Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka haifa a 1933 ta rasu a 2001. Ta yi siyasa a jam'iyyar NEPU tare da Malam Aminu Kano, ta yi fafutukar a ba matan Arewa damar jefa ƙuri'a, an ɗaure ta sau da dama saboda haka, kuma yau akwai babban asibiti a Zariya mai ɗauke da sunanta. Duniya ta san ta da Gambo, sunan da maza da yawa suke amsawa. Amma sunanta na yanka Hajaratu. Iyayenta sun ba ta nata, lakabi kuma ya zo daga baya ya zauna. Shi kansa marigayi Nura ai haka yake. Iyayensa cikakken suna suka ba shi, Nuruddin, mutane suka taƙaita. To me ya sa jaririyar za ta tashi da guntun kawai?

Dalili na uku shi ne ya fi tayar da ƙura, domin a nan mu mata ma kanmu ya rabu. Wasu daga cikinmu sun ce su sunan maza yana burge su. Sun ce yana da ƙarfi, yana da zamani, kuma yarinyar da take amsa shi ba za a raina ta ba. Ɗaya ta kawo misali daga ƙasashen Turawa, inda ta ce yanzu yayi ake yi. Mun tambayi malamarmu ta Turanci, ta ce haka ne. A Amurka da Ingila ana sa wa 'yan mata Charlie da Frankie da Billie, waɗanda a da an fi sanin su a matsayin taƙaitattun sunayen maza irin su Charles da Frank da William. Ta ce mawaƙiyar Amurka Billie Eilish, wadda aka haifa a 2001, daga sunan kakanta William aka samo mata Billie. Ɗan fim Ryan Reynolds kuma a 2014 ya sa wa 'yarsa James, sunan mahaifinsa. Kun ga ashe su ma tunawa da nasu ne yake sa wasunsu yin haka, kamar mahaifin ƙawarmu.

Amma can kunnuwan mutane sun riga sun saba, kuma a Turanci kalma ɗaya ce take nufin "kai" da "ke". Abin da ya zauna lafiya a Landan ba dole ne ya zauna lafiya a ajinmu ba. Sannan malamar ta ƙara mana wani labari da ya sa muka yi shiru. Marubuciyar littattafan Harry Potter sunanta Joanne Rowling. Lokacin da za a fitar da littafin farko a 1997, masu bugawa sun ji tsoron yara maza ba za su karanta littafin da mace ta rubuta ba, sai aka sa haruffa biyu, J.K., a maimakon sunanta. Wato an ɓoye cewa mace ce don littafin ya shiga kasuwa. Mu a ganinmu laifin ba na sunan Joanne ba ne. Laifin na masu tunanin cewa abin da mace ta yi bai kai a karanta ba ne, kuma su ya kamata a gyara.

Don mu gwada wannan, sai muka juya tambayar. Muka tambayi mazan ajinmu: wa zai yarda a sa wa ƙaninsa Talatu ko Hadiza don tunawa da wata goggo da ta rasu? Ajin ya kece da dariya. Ba wanda ya ɗaga hannu, har wani ya ce gara a bar yaron ba suna. To ku duba. Idan an ba mace sunan namiji sai a ce an ƙara mata ƙarfi, idan an ba namiji sunan mace sai a ce an ci mutuncinsa. Wannan dariyar ta nuna mana cewa har yanzu muna ɗaukar sunan namiji sama da na mace. Idan muka ce sai da sunan maza yarinya za ta yi kwarjini, mun yarda ke nan cewa sunayen iyayenmu mata ba su da shi.

Tarihi kuwa bai yarda da haka ba. Sarauniya Amina ta Zazzau da sunanta na mace ta jagoranci mayaƙa, har yau ana danganta ganuwar garuruwa da ita. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'Yan Taru na koyar da mata a ƙauyuka. Wani abin sha'awa, tagwaye ne ita da ɗan uwanta Hassan, amma mahaifinta bai ba ta sunan da aka saba ba wa tagwaye ba. Ya zaɓa mata Asma'u, suna nata ita kaɗai.

Akwai wani abu kuma da muke jin tsoro, ko da yake ba shi ne ya faru a gidan ƙawarmu ba. A wasu gidaje idan aka jera mata huɗu ko biyar, sai a fara kiran ta ƙarshen da sunan namiji don an so namiji ba a samu ba. Yarinya ba ta da wayo ranar suna, amma za ta yi wayo. Wata rana za ta tambaya, kuma wani zai gaya mata cewa ba ita aka jira ba. Hausawa sun ce suna linzami ne. Bai kamata linzamin da za a sa wa yarinya ya riƙa tuna mata da haka kullum ba.

Malaminmu na addinin Musulunci ya gaya mana cewa kyakkyawan suna yana cikin haƙƙoƙin ɗa a kan iyayensa, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauya wa wasu sunayensu, kamar Barra da ya mayar Zainab. 'Yan ajinmu Kiristoci sun ce su ma a gidajensu ana zama a duba ma'anar suna kafin a sa. Dokar kare haƙƙin yara ta Nijeriya ta 2003 ita ma ta ce kowane yaro yana da haƙƙin a ba shi suna. Abin da muka fahimta shi ne, iyaye ne suke zaɓa, amma sunan na yaron ne.

To ina mafita ga wanda yake son ya tuna da nasa? Mafitar tana nan cikin sunayenmu. Muna da Hassan da Hassana, Aminu da Amina, Jamilu da Jamila, Habibu da Habiba, Rabi'u da Rabi'atu, Balarabe da Balaraba. Sunayen maza da yawa suna da 'yan uwansu na mata. Kakar jaririyar ma abin da ta kawo ke nan. Ta ce a sa Nuriyya ko Nuratu. Hasken yana nan, sunan marigayin yana nan a ciki, alkawari bai karye ba. Mahaifin kuma in ya dawo gida ya ɗauki 'yarsa ya kira ta Nura, ba mai hana shi. Idan ta girma ta ji labarin baffanta, ta ga tana son lakabin, sai ta riƙe shi da kanta kamar yadda Hajiya Gambo ta riƙe nata. Idan ba ta so, tana da wanda za ta koma. Wannan zaɓin shi muke roƙon a bar mata.

A yanzu dai an riga an raɗa suna, amma ba a karɓo takardar haihuwa ba tukuna. Ƙawarmu ba za ta iya tunkarar mahaifinta da wannan magana ba, mu ma ba mu ba ta shawarar haka ba. Wurin kakarta ta kai, kakar kuma tun ranar suna Nuriyya take kiran jikarta, ta ce za ta sake zama da ɗanta idan zuciyarsa ta ƙara sanyi. Muna fata abin da za a rubuta a takardar ya zama cikakken suna.

Saura magana tsakaninmu ɗalibai. Ko an gyara ko ba a gyara ba, nan da shekara 12 wannan yarinya tana iya zama a kan bencin da muke zaune yau. Yanzu ma akwai masu irin sunanta a cikinmu. Ba su ne suka zaɓa ba. Duk wahalar da muka lissafa a sama, rabinta ba daga sunan take zuwa ba, daga bakinmu take zuwa. Mu ne masu dariyar, mu ne masu laƙaba "ɗan tsere". Mu 'yan aji biyu mun yi alkawari mun daina, kuma mun je mun ba waccan ɗaliba haƙuri. Muna roƙon malamanmu ma, idan kun ci karo da sunan da ba ku tabbatar ba a rajista, ku kira shi kawai ku jira mai shi ya amsa, kafin ku ce "ina yake" ko "ina take".

Har yanzu akwai mutum uku a ajinmu da ba su yarda da mu ba. Sun ce tunda ma'anar sunan mai kyau ce, mutane ne ya kamata su saba. Mun ce su rubuto nasu, za a liƙa shi a nan gefen namu mako mai zuwa. Ku ma duk mai ra'ayi, ko wadda take amsa irin wannan suna tana son ta faɗi yadda take ji, akwatin kulob yana nan ƙofar ɗakin karatu, kuma ba dole ne a sa suna ba.

Allah ya jiƙan marigayi, ya raya jaririya, ya ba mai jego lafiya.

Daga 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare, kulob ɗin 'yan jarida.